Saƙon gyaran da ke mutuwa a hanya: darasi daga tarihin ragar jijiyoyin kwamfuta

Wanda ya daɗe yana horar da ragar jijiyoyin kwamfuta, wato shirin da ke koyo daga misalai ta hanyar ƙananan ƙwayoyin lissafi da aka jera hawa-hawa, zai lura cewa tarihin fannin kusan labarin matsala ɗaya ne: in raga ta yi kuskure a amsarta, ta yaya hawan da ke can ƙasa zai san nasa kason laifin?

A fasaftiron, wato raga mai sauƙi da Frank Rosenblatt ya gabatar a 1958, hawa ɗaya ne ke koyo, don haka rabon laifi bai zama aiki ba. Amma layi miƙaƙƙe kaɗai yake iya ja tsakanin rukuni biyu, kuma a 1969 Minsky da Papert suka nuna ko lissafin XOR, wato gane ko abu biyu sun bambanta ko iri ɗaya ne, ya fi ƙarfinsa. Ƙara hawa ne magani, horar da su ne ya gagara, har sai da Rumelhart da Hinton da Williams suka yaɗa hanyar mayar da kuskure baya a 1986. Lissafin kansa ba sabo ba ne, Seppo Linnainmaa ya rubuta shi tun 1970.

Nan ne gizo ke saƙar. Saƙon gyara yana saukowa hawa-hawa, a kowanne kuma ana ninka shi da gangaren ma'aunin kunnawa, wato lissafin da ke tsayar da abin da kowace ƙwaya za ta fitar. Ma'aunin da ake kira sigimoyid aka fi amfani da shi a lokacin, gangarensa kuwa ba ya wuce 0.25. Ninka 0.25 sau goma, abin da zai rage bai kai ɗaya cikin miliyan ba. Hawan sama na ta gyaruwa, na ƙasa, wanda ke kallon hoton da aka ba raga kai tsaye, yana nan kamar an dasa shi. Sepp Hochreiter ya fayyace wannan a 1991.

Shi ya sa a ganina ana zuzuta ƙarfin inji fiye da kima in ana labarin AlexNet, ragar da ta lashe gasar gane hotuna a 2012. Gaskiya ne an horar da ita kwana biyar zuwa shida a kan katin sarrafa hoto na GTX 580 guda biyu, da hotuna miliyan 1.2, kuskurenta ya tsaya kashi 15.3 cikin ɗari, mai bi mata 26.2. To amma ta yi amfani da ma'aunin kunnawa mai suna ReLU, wanda gangarensa 1 ne muddin lambar ta haura sifili, sai saƙo ya wuce bai rage ba. Wata ragar, ResNet ta 2015, ta ƙara da gajeriyar hanyar da ke tsallake hawa, aka kai hawa 152.

Saboda haka in raga ta ƙi koyo, kada a yi saurin zargin bayanai. A fara duba asarar farko, wato lambar da ke auna kuskuren raga kafin ta fara koyo: in rukuni goma ne, ya kamata ta kasance wajen 2.3. A ɗauki misalai ashirin kacal a gani ko za ta haddace su. In ta kasa, akwai ɓaraka a shirin. Sannan a buga girman saƙon gyara na kowane hawa. In yana ƙanƙancewa zuwa ƙasa, a duba lambobin farawa na nauyi, wato lambobin da raga ke gyarawa yayin koyo. Fara nauyi duka da sifili yana sa ƙwayoyin hawa ɗaya su koyi abu iri ɗaya. ReLU ma yana da nasa ciwon: in saurin koyo, wato girman gyaran da ake yi a kowane mataki, ya yi yawa, wasu ƙwayoyin kan faɗa ɓangaren sifili su ƙi dawowa. A ƙirga waɗanda ba sa fitar da komai a kan dukkan misalai, in sun yi yawa a rage saurin zuwa kashi ɗaya cikin goma a sake gwadawa.