Wai daga ina OK ta fito ne?

Ko wanda bai taɓa shiga aji ba, ya iya OK. Mai shayi na faɗa, kwandasta na faɗa, har tsoffinmu in suna waya za ka ji "oke oke, sai an jima". Ma'anar dai ba wani tsawo, na yarda, ba matsala, abu ya yi daidai.

Da wasa fa aka fara ta. A garin Boston na Amurka ne 'yan jarida suka shiga yayin gajarta magana da haruffa, kuma da gangan suke ɓata rubutun don raha, kamar dai yadda yaranmu ke rubuta "slm" da "ykk" a WhatsApp. Ranar 23 ga Maris 1839 jaridar Boston Morning Post ta buga o.k. a madadin "oll korrect", wato "all correct" ce aka karkatar, komai daidai ke nan. Sauran 'yan uwanta na wancan yayin duk sun mutu, ita kuwa siyasa ce ta raya ta, don a zaɓen 1840 shugaba Martin Van Buren, ɗan garin Kinderhook a jihar New York, ana masa laƙabi da Old Kinderhook, sai magoya bayansa suka kafa ƙungiyoyi da sunan O.K., shi dai ya sha kaye a hannun William Henry Harrison amma kalmar ta riga ta kama bakin mutane, daga baya masu buga talgiram suka ɗauke ta saboda ba ta cin lokaci. Farfesa Allen Walker Read na jami'ar Columbia ne ya tono duk wannan a tsoffin jaridu, ya wallafa a 1963 da 1964.

Ni inda nake da magana shi ne yadda muke jefa ta a saƙon waya. Kawunka ya zauna ya rubuto maka sallama, ya iyali, ya aiki, sannan ya sanar da kai ɗaurin auren 'yarsa ranar Asabar, kai kuma sai ka tura masa "ok", wani ma "k" kawai. Wallahi abin na sosa min rai. Su kansu Turawan in ka tambayi mutum ya abincin ya ce maka OK, ai nufinsa ba yabo ba fallasa, kalma ce mai sanyi. Tsakaninka da abokinka ba laifi, ku yi ta yi, amma kawu da ya gayyace ka ɗaurin aure "to Kawu, Allah ya kai mu, Allah ya sanya alheri" yake jira ya gani, kuma rubuta hakan ko minti ɗaya ba zai ci maka ba.