'Yar fari a Bronx

Daren ganawar iyaye da malamai ne, cikin watan Nuwamba, a wata sakandaren gwamnati da ke Bronx a birnin New York. A layin da ke gabana akwai wani bawan Allah mutumin Damagaram, direban tasi, tare da 'yarsa mai shekara goma sha shida. Hausa da Faransanci yake ji, Turancinsa kuwa na cikin mota ne: ina za ka, nawa ne, na gode. Malamar lissafi ta duba kwamfuta ta ce yarinyar ta makara darasin farko fiye da sau ashirin tun Satumba, makinta kuma ya faɗo ƙasa da 65, wato ƙasa da makin ci. Babu tafinta a wurin. Yarinyar ce ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, wai ina yawan makara." Uban ya ce, "Ki ce mata za ki gyara, in Allah ya yarda." Ta juya ta faɗa da Turanci, aka yi sallama.

Ba wanda ya ambaci dalili, alhali duk wanda yake zaune a unguwar nan ya san shi. Uwar tana aikin kwana, jinyar wata tsohuwa a gidanta, ba ta dawowa sai hantsi. Uban da asuba yake fita. Yarinyar ce ke tada ƙannenta uku, ta yi musu wanka, ta ba su abin kari, ta kai biyu firamare, ta miƙa na goye gidan mai raino, sannan ta ruga tashar jirgin ƙasa. Wannan abu ya tsaya mini a rai har yau: yarinya ta fassara laifinta da bakinta, ta kuma ɓoye uzurinta don kada ta tona asirin gidansu.

Mu a wurinmu raino ba abin faɗa ba ne. Wace 'yar fari ce ba ta goyi ƙaninta ba? Amma a gida akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matar baffa da maƙwabciyar da za a ce wa "ga yaron nan, ina zuwa." A nan ɗaki biyu ne a hawa na biyar, kowa ya kulle ƙofarsa. Aikin da mata biyar suke rabawa a Zinder ko zangon Kumasi, a nan kan yarinya ɗaya yake sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ita kuwa mun aza mata ta ɗauka, sannan muna jiran ta zama likita.

Makarantar Amurka da lissafi take aiki. Shekarar karatu kwana 180 ce, wanda ya rasa kashi goma cikin ɗari, wato kwana 18, an sa shi a jerin masu fashi. Ranar da aka tafi da yaro asibiti ya yi wa uwarsa tafinta, da ranar ofishin shige da fice, da mako ukun da aka ƙara a kan hutu saboda tikitin zuwa gida ya fi araha, duk a wannan lissafi suke shiga. Makin aji tara, shekarar farko ta sakandare, ba ya gogewa, yana nan a takardar da jami'a za ta karanta bayan shekara uku. Yaron da ya faɗi darasin farko don makara sai ya maimaita shi a hutun bazara, lokacin da sa'o'insa suke ɗaukar darussan gaba.

Sai kuma launin fata ya hau kai. Yawancinmu mun sauka a ƙasar nan muna Hausawa, ko Zabarmawa, ko 'yan Gana. Takardar shiga makaranta tana da gida ɗaya da za a cike mana, na baƙar fata, kuma duk abin da tarihin ƙasar ya ɗora wa wannan gida, 'ya'yanmu sun gaje shi tun ranar farko. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun fari da baƙi, amma kaso mai yawa na kuɗin makarantu a Amurka daga harajin gidajen unguwa yake fitowa, unguwannin baƙaƙe kuwa an daɗe da danne darajar gidajensu tun shekarun 1930, lokacin da aka zagaye su da jan layi a taswira aka hana su bashin sayen gida. Wani rahoton gwamnatin tarayya na 2018 ya nuna baƙaƙen ɗalibai kusan kashi 15 ne cikin ɗari na 'yan makarantun gwamnati, amma su ne kusan kashi 39 na waɗanda ake dakatarwa daga makaranta. Idan farar yarinya ta yi ta makara, sau da yawa akan tambaye ta ko lafiya a gida. Tamu sai a ɗauka halinsu ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda wasunmu suke gargaɗin 'ya'yansu da su nisanci baƙaƙen Amurka, wai ba sa son karatu. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Su ne suka yi shari'a suka sha duka har aka buɗe ƙofofin da muke shiga a yau. A jami'arsu ta Lincoln da ke Pennsylvania Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi karatu. Kuma a nan Bronx, a Fabrairun 1999, 'yan sanda suka yi wa Amadou Diallo, ɗan Gini, harbi 41 a ƙofar gidansa, ba wanda ya tsaya tambayar ko daga ina kakanninsa suka zo. Uwa baƙar Amurka da ke zaune kusa da ke a taron iyaye ta san wace takarda ake rubutawa idan an zalunci yaro, ta san ofishin da ake kai ta. Gaishe ta, ki tambaye ta.

Inda ake yi mana sakiyar da ba ruwa tun kafin sakandare ne, a darasin lissafi. Jerin a tsare yake: Aljabara ta ɗaya, Jometiri, Aljabara ta biyu, share fagen Kalkulas, sannan Kalkulas. Darasi biyar, sakandare kuwa shekara huɗu ce, daga aji tara zuwa sha biyu. Wanda bai yi Aljabara ta ɗaya a aji takwas ba, da wuya ya kai Kalkulas kafin ya gama, manyan jami'o'in injiniya da kimiyya kuma suna duba wannan. Tun a ƙarshen aji bakwai ake yanke wa yaro layin da zai bi, galibi bisa maki da shawarar malami, iyaye ba su ma san an yanke ba. Uba yana da ikon ya rubuta wa shugaban makaranta cewa yana so a sa ɗansa a ajin Aljabara, ko a gwada shi. A rubuce, da kwanan wata, a ajiye kwafi. Maganar baka a bakin ƙofa iska ke tafiya da ita.

A birnin nan makin aji bakwai ne makarantu masu tantancewa suke dubawa wajen ɗaukar 'yan aji tara. Akwai kuma makarantu takwas na musamman da ake shiga da jarrabawa ɗaya tak mai suna SHSAT, wadda ake yi a farkon aji takwas. A 2019, cikin yara 895 da Stuyvesant, ɗaya daga makarantun nan takwas, ta ba gurbi, bakwai ne kacal baƙaƙe. Wata daga cikinsu, Bronx Science, tana nan a yankinmu, yaranmu suna wuce ta a jirgi, da yawansu ba a taɓa gaya musu ranar rajistar jarrabawar ba.

Wanda ya zo da babban yaro daga gida, ya zo da takardun sakamakonsa na kowace shekara, masu hatimi, a fassara na Faransanci. Da su ake ba shi makin darussan da ya riga ya yi, in babu sai a mayar da ɗan shekara sha bakwai aji tara. A ranar rajista ana cike takardar harshen gida. Idan an rubuta Hausa, za a yi wa yaro tambayoyi, mai yiwuwa a gwada Turancinsa. Ga yaron Maraɗi ko Yamai taimakon Turancin alheri ne. Amma yaron Kaduna ko Accra da ya yi duk karatunsa da Turanci, a tsaya a tabbatar ba lafazinsa kawai aka ji aka tura shi can ba. Tafinta kuma haƙƙin iyaye ne, kyauta, ko ta waya, kuma ƙa'idar makarantun birnin ta hana a sa ƙaramin yaro ya yi tafinta a maganar da ta shafi karatunsa. Da mutumin Damagaram ya san haka, da ba 'yarsa ce ta tsaya tsakaninsa da malamar ba.

Maganar aiki ma sai an yi ta. Dokar jihar New York ta yarda ɗan shekara 16 ko 17 ya yi aiki har awa 28 a mako lokacin karatu, awa huɗu a rana daga Litinin zuwa Alhamis. Abin da doka ta halatta daban, abin da jikin yaro zai ɗauka daban. Yaron da ya tashi daga shago ƙarfe goma na dare ba zai iya da darussan AP ba, waɗanda matakin jami'a ne, ana jarrabawarsu a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5, jami'o'i da yawa kuma suna yafe wa wanda ya sami 3 ko sama darasin. Kuɗin kowace jarrabawa ya kusa dala 100, ana rage wa masu ƙaramin ƙarfi idan sun nema. Akwai kuma College Now, inda 'yan sakandaren gwamnati suke ɗaukar darussan jami'ar birnin, CUNY, kyauta. Yarinyar da ke shagon kitso duk Asabar daga safe har dare, wannan damar ce take wuce ta.

Ga abin da na fi so iyayenmu su ji. A takardar neman jami'a ta Common App akwai gurbi goma na ayyukan da ɗalibi yake yi bayan aji, kuma ɗaya daga nau'o'in da aka lissafa shi ne ɗawainiyar iyali. Raino, girki, jinyar kaka, tafinta a asibiti, aikin da ake biyan haya da shi, duk ana rubutawa, da adadin awoyi a mako da makonni a shekara. Yaranmu suna barin wurin fayau saboda an koya musu sirrin gida ba ya fita. Mai karanta takardar sai ya ga yarinyar da ba ta shiga ƙungiyar komai ba, ba ta wasa, makinta tsaka-tsaki, bai san tana riƙe da gida awa ashirin da biyar a mako ba. Tun ranar 29 ga Yuni 2023, da Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina, abin da yaro ya rubuta da hannunsa ya ƙara nauyi, domin hukuncin ya bar masa damar bayyana yadda launinsa ya shafi rayuwarsa. A jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT, baƙaƙen sabbin ɗalibai sun sauko daga kusan kashi 13 zuwa kashi 5 a shekarar da ta biyo baya. Malamin shawara ma ya kamata ya sani tun aji tara, shi ne zai rubuta wasiƙar shaida. Ƙungiyarsu ta ce ɗalibai 250 ya dace kowane ɗaya ya riƙe, a zahiri sun fi haka nesa, don haka wanda bai je ya gabatar da kansa ba, ba a san da shi ba.

Muna da abin alfahari, ba na musu. Tun 2015 aka sa Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah cikin ranakun hutun makarantun birnin nan. Ranar yaye ɗalibai a watan Yuni, ka ga uwa da leshi da gwaggwaro tana guɗa a cikin zauren Turawa, 'yarta da hijabi a ƙarƙashin hular kammala karatu, sai ka ji ƙwalla ta cika maka ido. Da an fito waje kuma sai ka ga su huɗu ne kawai, babu dangin da za su cika tsakar gida, sai waya da aka ɗaga sama kaka tana kallo daga Tawa, hoton yana yankewa.

Wayar nan ita ce sauran rabin maganar. Takardar neman tallafi ta FAFSA, wadda akan buɗe a watan Oktoba, tana duba harajin iyaye na shekara biyu baya, da ita ake samun tallafin Pell da ya kai dala 7,395 a shekara ga mafi ƙaramin ƙarfi. Tana ƙirga mutanen da ke ƙarƙashin uba a gidansa na nan. Ba ta san da tsohuwarsa da ke Damagaram ba, ko marayun wansa su shida, ko kuɗin asibitin gwaggo, ko buhunan geron da ake saya duk lokacin da damina ta yi gardama. A takarda mutum biyar yake ciyarwa, a gaskiya sun haura ashirin. Ana iya kai rasit ɗin aiken kuɗi ofishin tallafi na jami'a a nemi su sake duba lamarin, wasu suna dubawa, wasu ba sa yi, amma a tara rasit ɗin.

Mutanen gida ba su da laifi. Sun sayar da gona ko shanu aka yi wa mutum biza, kuma wanda ke cikin rana ba ya ganin wahalar wanda yake zato yana inuwa. Saƙon murya yana shigowa ƙarfe uku na dare agogon nan: "Yaya, an koro su Sani daga makaranta, kuɗin zango." Uban ya ƙara awa uku a kan tasi, uwar ta karɓi aikin kwana na Lahadi, kuma kowace awa da suka ƙara a waje, 'yar fari ce take biyanta a cikin gida. Kuɗin makarantar yaran can daga lokacin karatun yarinyar nan yake fita, kuma ban taɓa jin an gaya wa mutanen gida haka ba. Ana jin nauyi. Ni ma ban san da wane baki mutum zai ce wa mahaifiyarsa wannan watan a yi haƙuri, jikarki tana da jarrabawa ba. Kakar kuwa, duk ranar Juma'a idan an kira ta, tambayarta ta farko ita ce, "Ina takwarata, yaushe za ta zama likitar?"