Yadda na zaɓi injin sabuwar a-kori-kurata

Da na yanke shawarar sayen sabuwar a-kori-kura, launi da fasalin bodi ba su ci mini lokaci ba. Wajen inji ne na daɗe ina kai-kawo. Sana'ata haɗa wutar sola ce da famfunan rijiyar burtsatse, don haka bayan motata ba ya rabuwa da batura, faifan sola, bututu da naɗin waya, wani lokaci kuma nakan ja ƙaramar tirela mai ɗauke da janareta. Wuraren aikina galibi suna da nisa, kuma sau da yawa kwalta kan ƙare kafin a isa. Motar da na sa wa ido tana zuwa da inji iri uku: na fetur, ƙaramin dizal, da babban dizal. Bodinsu ɗaya, kujerunsu ɗaya, amma kuɗin hawa-hawa ne.

Mai sayar da motar ya fara da babban. Ya ce, "Yallaɓai, mai aiki irin naka ai babban ne nasa, ba za ka taɓa neman ƙarfi ka rasa ba." Gaskiya ya faɗa, kuma zuciyata ma can ta karkata. Amma mota ce da nake fatan mu shekara goma tare, sai na karɓi takardun bayanin injunan, har da na wasu kamfanonin, na koma gida na zauna da su.

Abu na farko da ya buɗe mini ido shi ne lambobi biyun da ake rubutawa a gaban kowane inji. Ɗaya ƙarfin doki ne, wanda kowa ya fi ambata. Ɗayan kuma ƙarfin murɗawa ne, ana auna shi da Nm, shi ne ke nuna yadda inji zai iya tayar da kaya mai nauyi daga tsaye ya kuma haura tudu da shi. Hilux ta kamfanin Toyota misali ce mai kyau, domin a kasuwanni da yawa tana da irin wannan zaɓin. Injinta na fetur mai lita 2.7 yana ba da ƙarfin doki kusan 165, na dizal mai lita 2.4 kuma 150. Wanda ya tsaya a nan zai ce na fetur ya fi ƙarfi. To amma ƙarfin murɗawar na fetur ɗin Nm 245 ne, kuma sai injin ya kai juyi 4,000 a minti ɗaya yake ba da shi, alhali ƙaramin dizal ɗin yana kaiwa Nm 400 tun daga juyi 1,600. Babban dizal ɗinsu mai lita 2.8, bayan gyaran da aka yi masa a 2020, ya kai ƙarfin doki 204 da Nm 500 idan giyar otomatik ce, Nm 420 idan ta hannu ce. Haka abin yake a D-Max ta Isuzu: mai lita 1.9 yana da Nm 350, mai lita 3.0 kuma Nm 450. Kamar doki ne da san noma. Doki zai riga sa isa, amma idan aka ɗaura garma, sa ake nema.

Dalilin wannan bambanci yana cikin yadda kowannensu ke ƙona mai. Injin fetur yana gauraya mai da iska, fulogi ya kunna musu wuta. Na dizal, wanda Rudolf Diesel ya nuna yana aiki a 1897, ba shi da irin wannan fulogin. Matse iska yake yi har ta yi zafin da da an fesa mata mai zai kama da kansa. Matsin ya zarce na injin fetur sosai, shi ya sa ake ƙera shi da ƙarfe mai kauri, shi ya sa ya fi nauyi da tsada, kuma shi ya sa yake tatsar aiki mai yawa daga kowace lita. Ita kanta litar dizal ta fi ta fetur kuzari da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Lambobi a takarda ba su ishe ni ba. Na roƙi a bar ni in gwada motocin da kaya a baya, domin a-kori-kura wadda ba komai a bayanta kowane inji zai tashe ta kamar tsuntsu, kuma ba a haka zan riƙa tuƙa ta ba. Aka amince, na ɗora batura masu nauyin abin da na saba ɗauka, na nufi hanya mai tudu. Ta fetur ta hau, ba ta gaza ba, sai dai ta sauke giya, injin yana kuka, ƙafata na danne da totur. Ƙaramar dizal ta hau da gurnani ƙasa-ƙasa, ban ji tana roƙon komai ba. Babbar kuwa ko a jikinta. Duk mai niyyar sayen irin wannan mota ina ba shi shawarar kada ya yarda da gwajin zagaya gari da bodi fayau. Gani ya kori ji.

Daga nan na shiga lissafin nauyi, kuma nan ne na fi daɗewa, domin a nan ne talla ta fi rufe wa mai saye ido. Yawancin waɗannan motoci ana tallata su da cewa suna jan tirela mai birki har kilo 3,500. Adadin daidai ne, amma akwai wasu lambobi biyu da ke ɗaure shi. Akwai iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, akwai kuma iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. A ce mota babu kaya tana da kilo 2,200, iyakarta kuma 3,200. Abin da za ta ɗauka ke nan kilo 1,000, kuma a cikinsa har da direba. Mutum huɗu masu kilo 80 sun cinye 320. Tirela mai kilo 2,500 tana sauke kamar kashi goma cikin ɗari na nauyinta a kan ƙugiyar motar, 250 ke nan. Saura 430 kacal na kaya. In kuma iyakar haɗin gwiwar 6,000 ce, ka ja cikakken 3,500, to motar ba za ta wuce 2,500 ba, wato kilo 300 ya rage maka, kai da yaran aikinka da akwatin kayan aiki. Babban inji ba ya ɗaga waɗannan iyakokin da kansa, domin firam, birki, sifirin da tayoyi ne ke yanke su. Hasali ma nauyinsa daga cikin kason kayanka ake cire shi. Da na kai tirelata da janareta kan sikeli, na tarar ba su kai rabin abin da ake tallatawa ba. Ƙarin Nm ɗarin da zan biya wa kuɗi, aikin da zai yi mini a shekara bai taka kara ya karya ba.

Sai na je wurin bakaniken da ya daɗe yana duba mini motoci, dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau a harkar dizal. Bai tambaye ni abin da nake ɗauka ba. Cewa ya yi, "Malam, in ka tada ta da safe, tafiyar minti nawa kake yi kafin ka kashe?" Ya bayyana mini cewa dizal na yanzu ba irin na da ba ne da ake tayarwa a manta da shi. Dokokin hayaki, musamman na Turai tun daga matakin Euro 5 na 2009, sun sa ana saka wa salansa matata da ake kira DPF, wadda ke kama baƙin hayaki. Idan ta fara cika, motar da kanta take ƙone abin da ya taru, kuma hakan na bukatar zafin da ya kai kusan digiri 600. Wannan zafin sai a doguwar tafiya ake samunsa cikin sauƙi. Mai zirga-zirgar cikin gari, daga gida zuwa ofis a cikin cunkoso, yakan kashe mota ƙonewar ba ta kammala ba, yau da gobe matatar ta toshe, wani lokaci ma man dizal ya sulala ya gauraya da baƙin mai. Wasu injunan kuma suna da tanki na daban na ruwan rage gubar hayaki da ake kira AdBlue, wanda kashi 32.5 cikin ɗarinsa yuriya ce, sauran kuma tataccen ruwa. Idan ya ƙare ƙaf, motar ba za ta sake tashi ba sai an zuba.

Ya kuma ja hankalina kan ingancin mai. Nozul ɗin injin dizal na zamani yana fesa mai da matsin da kan kai 2,000 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", ta ƙofofin da suka yi ƙanƙanta ƙwarai. Ɗan ruwa ko datti a cikin mai ya isa ya lalata su, gyaransu kuwa yana daga cikin mafi tsada a jikin motar. Ga batun farar wuta: waɗannan matatun an yi su ne don dizal mai ƙarancinta, irin wanda a Turai ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan, a Amurka kuma 15. Wanda man da yake samu bai kai wannan tsabtar ba, ya tambaya tun kafin ya biya ko injin da za a ba shi an tsara shi don irin man yankinsa, domin kamfanoni kan fitar da inji ɗaya da tsari daban-daban gwargwadon kasuwa. Injin fetur mara turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, bai da yawancin waɗannan laulayin. Kayansa kaɗan ne, kusan kowane bakanike ya san cikinsa. Maganar nan ta sa na daina yi wa na fetur kallon injin marasa hali. Ga wanda tafiyarsa gajeru ce kuma kayansa ba su da nauyi, shi ne zaɓin hankali, kuma abin takaici ne yadda mutane da yawa ke sayen dizal don suna kawai su koma suna fama da matata.

Lissafin mai na yi shi da litoci, tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya. A ce ta dizal tana shan lita 8 a kilomita 100, ta fetur kuma 11. Mai yin kilomita 30,000 a shekara ya tsira da lita 900. Mai yin 8,000 kuwa lita 240 kawai ya rage, kuma kafin wannan ya biya masa bambancin kuɗin saye da tsadar sabis, ƙila ya sayar da motar. Ni ina cikin rukunin farko, kuma tafiyata dogaye ne, irin waɗanda matatar ke so.

Na ɗan leƙa ɓangaren lantarki, tunda sana'ata ce. Ford ta fitar da a-kori-kura mai aiki da batir, F-150 Lightning, a 2022, kuma akwai masu haɗa inji da batir. Suna da ƙarfin tashi na ban mamaki, amma jan tirela yana zaftare nisan da batir zai kai, ni kuma inda nake zuwa aiki, rashin wuta ne ma ya sa aka kira ni. Ban daɗe a nan ba.

Ƙaramin dizal na ɗauka, da giyar otomatik. Giyar ma sai da na yi tunani a kanta, domin na saba da ta hannu, amma tayar da tirela a kan tudu ko cikin yashi yana cin kuloci, otomatik kuwa tana yin wannan aikin a hankali ba tare da ƙauri ba. Kuɗin da ya rage tsakaninsa da babban na sa shi a tayoyi masu jure hanyar burji da ƙarin matatar da ke raba ruwa da mai, bayan na tabbatar daga wurin masu sayar da motar cewa saka ta ba zai taɓa garantina ba.

Zamana da ita ya koya mini wasu ɗabi'u. Baƙin mai ba kowanne nake zubawa ba, sai mai ƙarancin toka irin wanda littafin motar ya ambata, domin tokar na taruwa a matatar hayaki kuma ita ba ta ƙonewa. Idan na dawo daga doguwar tafiya da kaya, nakan bar injin ya ɗan yi aiki a tsaye kafin in kashe, don turbo ya huce. Idan kuma na lura juyin injin ya ɗan ɗaga a tsaye, fanka na gudu, ga wani ƙauri daga ƙasa, na san tana ƙona abin da ya taru ne, sai in ƙara tafiya har ta gama. A wurare masu tsayi na ga amfanin turbo ƙarara. Inji mara shi yana rasa kamar kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iska na raguwa, nawa kuwa da kyar nake jin canji.

Inda take nuna iyakarta shi ne wajen wuce babbar mota a kan titi mai hannu biyu, ga kaya a baya ga tirela. A nan sai na ba da tazara, na jira fili mai tsawo, abin da babban injin zai yi cikin ƙiftawar ido. Na san da wannan tun ranar gwaji kuma na amince da shi. Yanzu muna maganar sayen injin haƙar rijiya na kanmu, irin wanda ake ja da tirela. Idan hakan ta tabbata, nauyin da zan riƙa ja kullum zai haura tan biyu, kuma a ranar zan sake zama da takardun nan, wataƙila a kan babban dizal ɗin lissafin zai faɗa.