Kafin ka cusa washa a ƙarƙashin sifirin bawul

Jiya da la'asar na leƙa garejin wani ƙanena, sai na tarar da yaronsa, da ƙyar in ya kai shekara ashirin, ya kwance saman injin wata DAF 45, ya zube sifirin bawul, wato bawul ɗin da ke buɗe wa iska da hayaƙi hanya a inji, a kan buhu, ga gwangwanin madara a gefe cike da washa irin wadda ake ɗaure noti da ita. Wayarsa na jingine jikin batir, bidiyon Amurkawa na ta yi, wata Dodge Ram tana tuttulo baƙin hayaƙi. Na ce kai me za ka yi da washar nan? Ya ce "Baba ƙarfi zan ƙara wa sifirin, an buɗe mata famfon mai." Na ce ka auna? Ya yi murmushi kawai ya ci gaba da aikinsa. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don abin da na yi ke nan da hannuna, kuma har yau ban gama biyan kunyarsa ba.

Tawa ma DAF 45 ce, mai injin Cummins 6BT, silinda shida, lita 5.9, bawul 12. Injin da Amurkawa suka fara sa wa Dodge Ram a 1989, shi ya sa yaran nan suke ganin duk abin da aka yi a bidiyo su ma za su iya. Mai motar wani Alhaji ne mai dakon tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kudu, kullum ƙorafinsa ɗaya, mota ba ta gudu, tumatir kuma ba ya jira. Na kai famfon injekta aka ƙara mai, aka taɓa gwamna don inji ya riƙa zuwa sama fiye da inda kamfani ya tsayar da shi. Ta tashi kuwa, direba har kyautar goro ya kawo min. Bayan ɗan lokaci ya dawo ya ce in ya take totur sosai tana wata irin ƙara a sama kuma ƙarfin sai ya yanke. Na gane sifirin ne ba ya iya mayar da bawul da wuri. Nan dai na yi daidai. Abin da na yi bayan nan ne ya kashe motar.

Kamshaf tura bawul kawai yake ya buɗe, rufewa aikin sifirin ne. In inji ya yi gudun da ya fi ƙarfin sifirin, bawul bai gama komawa ba fistin ya iso, kuma a injin gas, wato dizal, fistin yana zuwa daf da kan silinda, babu wani fili da aka bari. Ƙari a kan haka in ka ƙara wa tobo, mai cusa wa inji iska, ƙarfi, iskar nan tana danna bayan bawul ɗin shiga, hayaƙin da ya taru kuma yana danna bayan na fita, duk suna rage wa sifirin ƙarfin riƙewa. Duk wannan na sani a lokacin. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne washa ba ta sauya sifirin, matse shi kawai take tun kafin ya fara aiki, kuma duk kaurin da ka cusa a ƙasa ka cinye shi ne daga filin da sifirin zai lanƙwashe. Na sa bibbiyu a ƙarƙashin kowanne, washar kasuwa, ƙarfe mai laushi, wata ma ta fi wata kauri, ban auna ko ɗaya ba.

Amma a yi min adalci. Lokacin ina zan samu sifirin mai ƙarfi? Ba waya irin ta yanzu, ba littafin inji, ogana da na koyi aiki a hannunsa shi ma haka na ga yana yi wa tsofaffin motocin Marsandi 911 in an goge mazaunin bawul, kuma ba a taɓa dawo masa da mota ba. Alhaji kuma ya tsaya a kaina lodi na jira. Shi ma direban ba tsarkakakke ba ne, yana da halin jefa ƙaramin giya a gangara da cikakken lodi inji na kururuwa. Na daɗe ina faɗa wa mutane cewa shi ya kashe ta. To amma ogana guda ɗaya siririya yake sawa, don ya mayar da tsayin zaman sifirin yadda yake kafin guga, ba don ƙarin gudu ba, ni na ga rabin aikin na ɗauka na ga duka. Kuma ko direba waliyyi ne motar nan ba za ta yi nisa ba.

Ko Zariya ba ta kai ba, wajen Kwanar Dangora ta tsaya cikin dare. Da na je na buɗe da safe, fushrod uku, sandunan da ke kai turin kamshaf ga bawul, sun lanƙwashe, sifirin silinda ta biyar ya karye gida biyu, kota, ɗan ƙarfen da ke riƙe bawul da sifirin, ta fita, bawul ya faɗa ciki fistin ya yi ta dukansa har ya huda kansa. Washar da na sa wasu sun lotse sun yi tsagi, garin ƙarfensu na ƙyalli cikin baƙin mai. A jikin sauran sifirin kana ganin layi mai sheƙi tsakanin zagaye da zagaye, alamar sun daɗe suna haɗuwa ƙam. Ruwan tumatir na ɗiga daga bodi, karen motar na zaune bakin titi ko kallona bai yi ba. Alhaji bai zage ni ba, ya ce haka Allah ya so, amma bai sake kawo min mota ba, shi da abokansa.

Na zauna da niyyar jero muku, ku yaran gareji, shawarwari da yawa, amma da na duba ba su da yawa. Motar lodi ce, ka bar gwamna inda yake. Waɗancan na bidiyo wasa suke da motarsu, in ta fashe su ja ta gida, ba abincin gidan wani ba ne a kai. Kuma su ɗin da kuke kwaikwayo, in za su kai wannan injin juyi 4,000 a minti sai sun sauya sifirin bawul gaba ɗaya da wanda suke kira na fam 60 (awon ƙarfin sifirin ne, ba kuɗi ba), wannan ɓangaren ne ba kwa kallo, ku dai hayaƙi. Minti biyu ba za ku iya ba wa bidiyo ba kun wuce na gaba, ta yaya za ku zauna ku auna sifirin 12?

To in ka ƙi ji dole sai ka taɓa, ka sayi sifirin da aka yi don aikin, saiti guda, kar ka gauraya sabo da tsoho. Kar kuma ka ce wanda ya fi kowanne tauri za ka nema, ya yi yawa ya cinye maka kamshaf da tafet ɗin da ke hawa kansa, ya lanƙwasa fushrod, ka koma gidan jiya. Shim na gaskiya, wato washar da aka yi don ƙarƙashin sifirin, ƙarfe ne da aka ƙona ya yi tauri, yana zuwa da kauri sananne, 0.015 ko 0.030 ko 0.060 na inci, ba daga gwangwanin noti ake ɗebo shi ba. Ka auna tsayin da sifirin zai zauna a kowane bawul ɗaya bayan ɗaya, don ba sa zama daidai musamman in an taɓa goge mazauni. Ka matse sifirin a bais har zagayen su haɗu ka auna, ka cire iya buɗewar bawul daga tsayin zaman, abin da ya rage dole ya fi na matsewar da kamar milimita ɗaya da rabi. In bai kai ba, cire shim ɗin. Ba ka da ma'auni? To ba ka da aikin yi a wurin, rufe murfin.

Zan ce ku tambayi manya, amma ni a wajen babba na kwaso rabin ilmin da ya kai ni ƙasa, kuma da yawanmu har yanzu da ido muke awo. Ku tambaya dai, sannan ku auna abin da aka faɗa muku. Ni matsalata da ku ba ku tambayar ma, an yi magana ku ce zamani ya wuce mu.

In a kan mota za ka yi aikin ba tare da sauke kan silinda ba, ka kawo fistin sama kafin ka cire kota, 1 da 6 tare suke hawa, 2 da 5, 3 da 4, in ba haka ba bawul ya zurma ciki. Ka toshe ramukan mai da tsumma kar kota ta faɗa. Ka sake saita tazarar da ke tsakanin roka, mai danna bawul, da kan bawul, inji na sanyi, 0.25 na milimita a bawul ɗin shiga, 0.51 a na fita. Sannan kafin ka taɓa makulli ka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, a hankali, in ka ji ya cije a wani wuri kar ka tilasta, ka sake kwancewa.