Sakatare, ina littafinka?

Ina aji biyar a sakandare aka naɗa ni sakataren ƙungiyar muhawara ta makarantarmu, ba don na fi kowa baki ba, rubutuna ne kawai mai kyau. Da na gaya wa Baba, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Karatu na tura ka ko surutu? JAMB muhawara za ta tambaye ka?"

Gaskiyarsa. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, maki 400, sai kiredit biyar a WAEC ko NECO. Babu gurbi a fom da aka ware don ka faɗi ƙungiyar da ka taɓa shiga. A Amurka ne jami'o'i ke duba abin da ɗalibi ya yi a wajen aji kafin su ɗauke shi. Mu nan maki ke magana.

Abin da ya fara koya mini hankali kuwa kuɗin mota ne. Za mu je gasa a wata makaranta, mu goma sha takwas, kowa zai ba da naira 200. Ni ke karɓa, ina cusawa a aljihu, na dogara da ƙwaƙwalwata. Ranar tafiya na ƙirga a gaban direba, naira 600 babu. Mutum uku suka rantse sun ba ni. Malaminmu bai yi faɗa ba, ya dube ni kawai ya ce, "Sakatare, ina littafinka?" Gumi ya karyo mini. Da kuɗin tarata na biya, sati biyu ina kallon masu cin awara da hantsi. Washegari na sayi ƙaramin littafi, na ja layi: suna, kuɗi, kwanan wata, sa hannu.

Maganar ma daga baya ta zo. Ranar da na fara tsayawa gaban alƙalai takardar hannuna rawa take yi, amma sau biyar, sau shida, sai jiki ya saba. A jami'a na ga waɗanda suka fi ni maki nesa ba kusa ba suna neman wanda zai gabatar da aikin rukuni a madadinsu. Na kuma ga waɗanda harkar ƙungiya ta cinye, kullum suna taro, sakamako ya fito da jan biro. Wannan ma akwai shi, kuma shi Baba ke tsoro.

Bayan na gama yi wa ƙasa hidima na samu aiki. A taron farko shugabanmu ya tambayi wanda zai rubuta bayanin taro, kowa ya sunkuyar da kai. Na ɗauki biro. Na rubuta abin da aka yanke, wanda aka ɗora wa kowane aiki, da ranar da zai kawo shi. Tun daga nan ba a shiga taro sai an neme ni, kuma a nan na san yadda ofishin ke tafiya tun kafin sa'o'ina.

Bara taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka ce kowane gida ya kawo karo-karo. Da daddare sai ga kiran Baba. "Gobe ka zo da littafin nan naka," in ji shi, "mutanen nan ba su iya riƙon lissafi ba."