Abin da Renon Itatuwa Ya Koya Mini Game da Ɓawon Iri

Aikin renon itatuwa ya koya mini cewa ba duk irin da ya ƙi tsira ne ya mutu ba. Ƙwayar bagaruwa, ko ta gawo, ko ta kuka, tana iya shafe makonni a cikin ƙasa mai danshi ba tare da ta sha ruwa ba, domin ɓawon da ya lulluɓe ta yana da tauri sosai kuma ruwa ba ya ratsa shi. Wannan ɓawo daga jikin uwar bishiyar yake samuwa, kuma shi ne ke kare ɗan tsiron da ke ciki daga zafin rana da ƙwari da ruɓewa.

A daji wannan taurin yana da amfani babba. Da a ce ƙwayoyin za su tsira baki ɗaya da yayyafin farko, sa'an nan ruwa ya ɗauke, da duk sun bushe. Amma da yake ɓawon kowace ƙwaya yana yin laushi a lokacinsa, wasu sukan tsira bana, wasu kuma sai baɗi. Gawo ma dabbobi yake dogaro da su, domin shanu da awaki suna cin 'ya'yansa da rani, ɓawon ya ɗan sassauta a cikinsu, ƙwayar kuma ta fito tare da kashin da zai zame mata taki.

Mai reno kuwa ba shi da lokacin jira, saboda dole dashe ya kai girman da ake so kafin damina ta kankama. Shi ya sa muke tafasa ruwa, mu sauke shi daga wuta, mu zuba wa irin mu bar shi ya kwana, da safe mu tsince waɗanda suka kumbura mu shuka. Idan irin kaɗan ne, mukan ɗan kankare gefen ɓawon da wuƙa, nesa da cibiyar ƙwayar, wato ɗan tabon da ke nuna inda take maƙale a cikin kwasfarta, domin kusa da nan ne saiwar farko take, kuma rauni kaɗan yana kashe ta. A ganina matan da ke yin daddawa sun riga mu fahimtar wannan tauri, tunda sai sun dafa kalwa na sa'o'i masu yawa kafin su iya surfe ɓawonta, ko da yake su ba tsiro suke nema ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne irin da aka jiƙa ko aka kankare ba ya jure doguwar ajiya. Haka yake ga gyaɗa: da zarar jar fatarta ta sulluɓe wajen ɓara, ƙwayar takan yi saurin kama fumfuna, kuma ba ta da tabbas idan aka shuka ta. Saboda haka manoma da yawa suke ajiye gyaɗar iri a cikin kwasfarta, ba sa ɓare ta sai shuka ta gabato.