Kare mai ɗane baƙi: yadda ake raba shi da halin

A gidaje da yawa na Maradi, daga unguwar Zariya har Ali Ɗan Tsoho, ana ajiye kare don gadi. Abin kunyar yakan faru ranar Juma'a: baƙo ya yi sallama cikin farar shadda, kare ya taho a guje ya ɗora masa ƙafafu a ƙirji, ya bar masa sawun laka. Galibi gaisuwa ce yake yi. Kwikwiyo yakan lashi bakin uwarsa, shi ya sa yake neman fuskar mutum. Mu kuma muka ƙara masa, tun yana ƙarami in ya hau ƙafarmu sai mu shafa shi.

Abin da yake so shi ne a kula shi. In ka daka masa tsawa ka kula shi, in ka ture shi da hannu a wurinsa wasa ne. Don haka da ya ɗaga ƙafafu, juya masa baya, harɗe hannuwa, kada ka dube shi, kada ka ce uffan. Da zarar ƙafafunsa huɗu sun taɓa ƙasa, cikin daƙiƙa 1 ko 2, yaba masa ka ba shi lada. In ka yi jinkiri, ba zai gane abin da ya ci ladan ba. Kuma ka sunkuya ka ba shi kusa da ƙasa, don in ka riƙe naman a sama kai da kanka ka kira tsalle.

Ladan dafaffiyar hanta ce ko nama, yanka kamar ƙwayar wake, guda 20 sun isa zaman horo ɗaya. A bar kilishi da tsire, saboda yaji da albasa, albasa tana cutar da jinin kare. Minti 5 ya isa, sau 2 ko 3 a rana, da sassafe da bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Koya masa kalmar "zauna" a waɗannan lokutan, don wanda ke zaune ba ya tsalle.

Sannan a gwada da baƙo. Sa wa karen igiya mai tsawon mita 2, ka taka ta da ƙafa yadda zai tsaya daidai amma ba zai iya ɗagawa ba. Wani ɗan gida ya fita ya yi sallama ya shigo. In karen ya yunƙura, mai shigowa ya koma da baya. In karen ya zauna, mai shigowa ya matso. A maimaita sau 5 zuwa 10.

Inda aka fi lalata aikin shi ne rashin haɗin baki. Maigida yana hanawa, yara suna barin shi, sai karen ya koyi cewa wata rana ana dacewa. A kwanakin farko ma tsallen kan ƙaru kafin ya ragu, a nan mutane da yawa ke karaya. Duka ko bugun ƙirji da gwiwa ban yarda da su ba ko kaɗan, tsoron hannu suke sa masa, kuma kare mai tsoro shi ke cizo. Wanda ya wuni a ɗaure kuwa dole ya yi rawar kai, a fita da shi tafiyar minti 30.

In yana gurnani, jiki a sandare, gashin baya a miƙe, wannan ba gaisuwa ba ce, a ɗaure shi kafin a buɗe ƙofa. A yi masa allurar rigakafin haukan kare wajen likitan dabbobi tun yana wata 3. In farcensa ya yagi wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a wuce asibiti a ranar.